Kundin tsafi mai taurin kai: wane tsari ne ya dace da wasanka?

In kana gudanar da wasan tebur na taka rawar jarumai irin su Dungeons and Dragons, wato D&D, ko ba jima ko ba daɗe sai zuciyarka ta raya maka ka jefa wa 'yan wasanka wani kundin tsafi da ba ya jin magana, irin wanda matsafi zai buɗe da niyyar kunna 'yar fitila sai ya tsinci kansa ya koma tunkiya, ko ruwan sama ya ɓarke a cikin ɗaki. Tunanin da daɗi, amma da ka zauna tsarawa sai ka ga hanyoyin sun yi yawa, wannan ya ce ka ɗauki jadawalin Wild Magic kawai (jerin abubuwan da ke faruwa in tsafi ya ƙwace), wancan ya ce a'a wasan Dungeon Crawl Classics (DCC) ne ƙarshe, wani kuma ya turo maka jadawali mai sakamako dubu goma ya ce ka ji daɗinka. Abin ba sabo ba ne dama, tun 1991 littafin Tome of Magic na AD&D bugu na biyu, wani tsohon fasalin D&D, ya shigo da matsafin da tsafinsa ke ƙwacewa, har da wani tsafi mai suna Nahal's Reckless Dweomer wanda aikinsa kenan, ka tayar da rikicin da gangan kana fatan ya faɗo maka daidai.

Ga ma'aunin da zan bi da su.

Na farko kuɗi, kuma a nan har da lokacin da za ka ɓata kana shiri kafin zama. Na biyu ƙarko, wato zama nawa kundin zai yi yana ba mutane dariya ko faɗuwar gaba kafin ya gundure su. Na uku sauƙi, minti nawa yake cinyewa in an buɗe shi ana tsakiyar faɗa, domin in sai ka yi ta juya shafuka kana neman layi na 4,382 to sauran 'yan wasa sun riga sun koma kan wayoyinsu. Na huɗu haɗari, zai iya kashe jarumai ko ya rusa labarin da ka yi wata da watanni kana ginawa? Akwai na biyar da mutane ba su cika kula da shi ba, alhali a wurina ya fi sauran nauyi: wa ke yanke shawarar a buɗe kundin? In ɗan wasa ne ya zaɓa da kansa, yana sane da abin da zai iya biyo baya, duk abin da ya fito zai shanye har ya riƙa ba da labarinsa. In kuwa kai ne ka ɗora masa, to ko da sakamakon iri ɗaya ne, zai ɗauka zalunci ne.

1. Jadawalin Wild Magic, a manna shi a jikin kundi

Wannan shi ne kowa ke fara tunani. Yana cikin Player's Handbook na 2014, littafin dokokin D&D na 'yan wasa, jadawalin d100 ne (jifar dayis mai ba da lamba 1 zuwa 100) amma sakamako 50 ne a ciki tunda kowane layi lamba biyu yake ci. Dokar asali ita ce bayan an yi tsafi na mataki na 1 ko sama, DM, wato mai gudanar da wasan, zai iya cewa a jefa d20 (dayis mai fuska 20), in 1 ya fito sai a je jadawali. Kai kuma sai ka ce duk tsafin da aka karanta daga kundin nan wannan dokar ta hau kansa, shikenan ka gama.

Kuɗi: in kana da littafin to kyauta ne, in babu, farashin da aka buga masa dala 49.95 ne, kuma wannan jadawalin ba ya cikin dokokin kyauta na SRD. Sauƙi kuwa ba a magana, jifa biyu ne.

Matsalarsa a lissafi take. 1 cikin 20 kashi 5 ne cikin ɗari. Ka ɗauka matsafinka ya yi tsafi shida a zama guda, yiwuwar a ga rikici ko da sau ɗaya wajen kashi 26 ne, wato kusan zama ɗaya cikin huɗu. Ka cika wa mutane baki cewa kundin nan masifa ne, sun ji tsoro, sai a yi zama uku yana aiki lafiya lau kamar kowane kundi, sun ma manta. Gyaran da mutane da yawa ke yi, kuma ni ma shi nake so, shi ne lambar ta riƙa hawa: tsafin farko 1 ne ke tayar da rikici, na biyu 1 ko 2, na uku 1 zuwa 3, haka haka har ya fashe sannan a koma farko. Da wannan, a tsafi shida ɗin nan yiwuwar ta tashi zuwa kusan kashi 70, kuma abin da ya fi daɗi shi ne kowa a teburin yana ƙirgawa, in an kai 5 za ka ji ana cewa kai malam ajiye littafin nan don Allah.

Haɗari: yawancin layukan shirme ne mai ban dariya, gemun gashin tsuntsu, fata ta koma shuɗiya, tsawonka ya ƙaru ko ya ragu da 'yan inci, ka koma shuka a cikin tukunya har zagayenka na gaba. Amma akwai 07 zuwa 08, Fireball, tsafin dunƙulen wuta mai fashewa, a kanka kai da ka yi tsafin. Ɓarnarsa 8d6 ce, wato dayis takwas masu fuska shida, matsakaicinta 28, kuma yana cin ƙafa 20 ta kowane ɓangare. Jarumai 'yan mataki na 1 da HP ɗinsu, wato makin lafiyarsu, bai wuce goma da 'yan kai ba, suna tsaye a siririn lungu, wannan layin kaɗai zai iya share su gaba ɗaya. Yiwuwar ƙarama ce, kashi 2 cikin ɗari na duk rikicin da ya tashi, amma in 'yan wasanka ba su kai mataki na 5 ba gara ka canza layin nan tun kafin a fara. Bugun 2024 ya sake fasalin abin, yanzu 20 ne ke tayar da rikicin kuma ɗan wasa ne ke jefawa ba sai DM ya ce ba, wanda ya fi min ma'ana.

Ƙarko matsakaici ne. Layi 50 kamar da yawa, amma a jifa tara kacal yiwuwar wani layi ya maimaitu ta wuce rabi, ga shi kuma duk wanda ya daɗe a D&D ya haddace su.

2. Wand of Wonder, a mai da shi kundi

Sanda ce a asali, amma ba abin da zai hana ka ce littafi ne mai shafuka bakwai masu haske. Caji 7 gare ta, kowace asuba tana dawo da 1d6+1, in ka ƙarar da cajin ƙarshe sai ka jefa d20, 1 ya fito ta zama ƙura. Duk buɗewa sai an jefa d100, ba maganar kashi 5 a nan, rikici tabbas ne. Abin da ke fitowa: tsawa, Fireball a kan wanda ka nuna, duhu, ciyawa ta tsiro, manyan malam-buɗe-littafi 600 su cika wuri, karkanda ko giwa ko ɓera ya bayyana, ko kai da kanka ka ƙanƙance, a can ƙarshen jadawalin kuma akwai mai da mutum dutse.

Kyauta ce, tana cikin SRD 5.1 da aka saki ƙarƙashin lasisin Creative Commons a 2023. Kuma ita ce ta fi cin ma'auni na biyar, saboda ba wanda ya tilasta ka, kai ka zaɓi ka buɗe. Ka hango yadda take kasancewa: dodo ya rage saura kaɗan, mayaƙin gaba ya faɗi, mai warkarwa ba ta da sauran tsafi, matsafin ya dubi takardarsa ya ce zan buɗe kundin. Kowa ya yi tsit. Ya jefa, giwa ta bayyana a kan siririyar gadar da suke tsaye. Ba a ci dodon ba, ba a kuma mutu ba, amma faɗan ya zama wani abu dabam, yanzu tambayar ita ce gadar za ta ɗauka ko ba za ta ɗauka ba. Irin sakamakon da ake nema kenan, wanda ke canza halin da ake ciki, ba wanda zai cire maka HP 10 kawai a wuce ba.

Rauninta layukan ba su da yawa, ashirin da 'yan kai ne, in ana buɗewa kullum za a gama ganinsu da wuri. Sannan kusan duk na faɗa ne, ba ta da wani amfani a fadar sarki ko wurin bincike. Kuma gaskiya ba ta da ɗanɗanon littafi, ba abin da ake karantawa ko koya a ciki, bindiga ce mai harbin abin da ta ga dama.

3. Kundi mai canza tsafinsa, salon Maze Rats da Knave

Wasannin nan biyu Ben Milton ne ya rubuta su, kuma sun bi ta wata hanya dabam. A Maze Rats ba a ba ka jerin tsafi, jadawalan kalmomi ake ba ka, kowane da kalma 36, wasu na sinadari wasu na siffa wasu na aiki. Ka jefa dayis ka haɗa biyu, sai suna ya fito, kamar a ce Ƙofar Toka ko Igiyar Mantuwa, daga nan kai da ɗan wasa ku yanke abin da tsafin yake yi. Jadawali biyu kaɗai suna ba da haɗi 1,296. A Knave kuma kowane kundi tsafi ɗaya yake ɗauka, yana cin gurbi guda a kayanka, sau ɗaya ake amfani da shi a rana, bugu na biyu ma ya zo da kundin hargitsi wanda in an yi tsafin da ke ciki sai wani sabo ya maye gurbinsa da asuba.

A nan rikicin yana zuwa ne kafin a yi tsafi, ba bayan an yi ba, kuma bambancin nan babba ne. Ɗan wasa ya tashi da safe ya buɗe kundi ya ga Igiyar Mantuwa, to yau da ita zai wuni, sai ya yi ta tunanin inda za ta yi amfani, ya ɗaure mai gadi da ita ya manta ya gan su? ya ɗaura wa kansa ya manta tsinuwar da aka yi masa? Kwakwalwa ake sa wa aiki, ba jiran a ga me zai faɗo ba.

Kuɗi kaɗan ne, 'yan shafuka ne kuma PDF ɗinsu ba tsada, kai in ka ga dama ma ka rubuta kalmominka da kanka. Ƙarko shi ne na ɗaya a duk jerin nan, da wuya ya ƙare. Haɗarin kashe jarumai kusan babu. Inda gizo ke saƙar shi ne sauƙi: duk nauyin yana kanka. Kullum sai ka yanke hukunci nan take, ƙarfinsa nawa, nisansa nawa, minti nawa zai yi, kuma in kana da ɗan wasa mai jayayya irin wanda zai ce ai Guguwar Ƙarshe dole ta share gari guda, to za ka sha surutu. Ka kafa iyaka tun farko, misali duk tsafin kundin ba ya wuce ƙarfin tsafi na mataki kaza, kuma a yanke ma'anarsa da safe lokacin da ya fito, ba a tsakiyar faɗa ba.

4. Tsarin Dungeon Crawl Classics

Kamfanin Goodman Games ya fitar da shi a 2012, kuma a wasan nan tsafi gaba ɗayansa rikici ne. Kowane tsafi da jadawalinsa. Za ka jefa d20 ka ƙara basira da matakinka, tsafin mataki na 1 yana buƙatar 12, in ka gaza ya ɓace maka na ranar, in ka samu lamba babba kuma abin ya wuce yadda kake zato. In 1 ya fito to ka shiga uku, ko tsafin ya kauce ya faɗa inda ba a so, ko jikinka ya gurɓata har abada, ko aljanin da kake yi wa bauta ya bar tabonsa a kanka. Akwai kuma dokar mercurial magic, ranar da ka koyi tsafi za a jefa d100 a ga wace ɗabi'a zai zo maka da ita, kuma ta zauna kenan, mafi muninsu ita ce duk lokacin da ka yi tsafin sai wani da ka sani ya mutu. Sannan ga spellburn, ka ƙona ƙarfin jikinka, maki ɗaya a kan ƙarin 1 a jifarka.

Spellburn ɗin nan shi ne abin da ya fi burge ni a duk tsarukan, ɗan wasa ne da kansa ke cewa na ba da ƙarfi 8, yana gani yana raunata jaruminsa don jifa guda.

Amma fa sai ka shirya. Littafin ƙato ne kuma kaso mai yawa nasa jadawalan tsafi ne, ga dayis na daban da wasan ke amfani da su, d3, d5, d7, d14, d16, d24, d30. Akwai dokokin farawa na kyauta in kana son ɗanɗanawa. In DCC ɗin kuke bugawa to ba ka buƙatar wani kundi na musamman, kowane kundi haka yake. In kuwa D&D kuke yi kana so ka ɗebo tsarin, aiki ne ja, kowane tsafi da ke kundin sai ka rubuta masa matakan nasara da na faɗuwa, don haka kar ka wuce tsafi uku ko huɗu. Haɗarinsa kuma mai ɗorewa ne, jarumi zai iya ƙarewa da kan da ba nasa ba, akwai 'yan wasan da ke son haka sosai akwai kuma waɗanda za su daina zuwa.

5. Jadawali mai dubu goma, da kuma naka na hannu

Akwai Net Libram of Random Magical Effects da ke yawo a intanet kyauta, sakamako 10,000, d10 huɗu ake jefawa. Da wuya ya maimaitu, wannan gaskiya ne. Sai dai ba a rubuta shi don labarinka ba, da yawa daga layukan ba za su shafi abin da ke faruwa ba, wasu kuma sun yi girman da za su juya duniyar wasan baki ɗaya. Ni dai na ɗauke shi wurin tsintar dabaru, ka karanta ka kwafi masu kyau, ba abin jefawa kai tsaye ba.

Wanda ya fi shi nesa ba kusa ba shi ne ka rubuta layi 12 ko 20 da kanka, kuma duk layin da ya fito ka soke shi ka rubuta sabo kafin zama na gaba, ka ga maimaici ya ƙare kenan. Riba ta biyu, rikicin zai yi kama da kundin. In na wani matsafi ne da ya nutse a teku, to komai ya zama ruwa da gishiri da muryoyin matattu, 'yan wasa su fara gane halinsa har su riƙa hasashe. Ni rabon da nake so shi ne kashi ɗaya alheri, kashi ɗaya sharri, kashi biyu abin da ke canza fili ba tare da ya nuna ɓangare ba. Ka guji layin da ke hana ɗan wasa zagayensa fiye da sau ɗaya, ba abin da ke kashe wa mutum gwiwa kamar ya zauna minti arba'in yana kallo saboda shi shuka ne. Kuɗinsa yamma guda ce ta rubutu da ɗan gyara bayan kowane zama.

Deck of Many Things kuwa, katunan tsafin nan na D&D da ake zara a ga abin da zai fito, na san wani zai ce a mai da katunan shafuka. Ana iya yi, amma kati ɗaya yana ba da buri har uku, wani kuma yana ɗauke ran jarumi ya kulle shi a wani wuri, wannan ba kundin yau da kullum ba ne, abin da ake fitowa da shi ne in an shirya labarin ya juya ko ya ƙare.

| Tsari | Kuɗi da shiri | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Wa ke zaɓa |
|---|---|---|---|---|---|
| Wild Magic | sai da Player's Handbook, shiri kaɗan | matsakaici | sosai | ƙarami, ban da Fireball | DM a 2014, ɗan wasa a 2024 |
| Wand of Wonder | kyauta | gajere | sosai | matsakaici | ɗan wasa |
| Maze Rats ko Knave | arha | mafi tsawo | ya dogara da DM | ƙarami | dayis da safe, ɗan wasa da rana |
| DCC | littafi da dayis na daban, shiri mai yawa | dogo | da nauyi | babba, mai ɗorewa | ɗan wasa |
| Mai dubu goma | kyauta | da wuya ya maimaitu | jinkiri | ba a iya hasashe | dayis |
| Na hannu | lokacinka | dogo in kana sabuntawa | sosai | yadda ka tsara | yadda ka tsara |

To wanne za ka ɗauka? In zama ɗaya ne ko biyu, ko kuma sababbin 'yan wasa ne da kake so su yi dariya su saba, ɗauki Wand of Wonder ka sa mata bango, ba za a kai ga gundura ba. In dogon labari ne na D&D kuma ba ka da lokacin shiri, Wild Magic da lamba mai hawa, ka cire Fireball har sai sun yi ƙwari. In mutanenka masu son dabara ne, waɗanda suka fi son su zagaye faɗa da su shige shi, kuma kai ba ka tsoron yanke hukunci nan take, kundi mai canza tsafi ne naku. In labarin mai duhu ne inda ake so tsafi ya zama abin tsoro da ake biya da jiki, to DCC, amma ka gaya musu tun zaman farko cewa jarumi zai iya nakasa kuma ba gyara. In kuwa kundin shi ne ƙashin bayan labarin, ana nemansa ana faɗa a kansa, akwai wanda ya rubuta shi da dalilin da ya sa ya haukace, to ba jadawalin wani da zai yi maka, zauna ka rubuta layi 12 na farko, ka aro lamba mai hawa daga na ɗaya da ƙona ƙarfi daga na huɗu, sauran layukan ka riƙa cikewa da abin da 'yan wasan suka fi tsoro a zaman da ya wuce.